BAYANI: Mota Ce Ko Jirgi? Yadda Lambar Kwastam Ke Yanke Farashin Abin Ceto Kafin Ya Iso Basirka

A tsakiyar watan Agustan 2021, wata motar fasinja da ta taso daga Kano za ta Adamawa ta afka cikin gadar da ambaliya ta karya a ƙauyen Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka a kudancin Jihar Jigawa. Mutum 21 ne suka rasu, cikinsu har da matasan da suka fito neman aikin soja. Shekara guda bayan haka, a daminar 2022, gwamnatin jihar ta sanar da cewa ambaliya ta ci rayuka 134 a faɗin Jigawa, a shekarar da adadin mamata a ƙasa baki ɗaya ya haura 600.

Duk lokacin da ruwa ya raba gari da gari, magana ɗaya ce ke dawowa bakin jama'a: a sayo jiragen ceto. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne nawa abin zai kai kafin ya iso, kuma wa ke yanke wannan kuɗi. Wani babban kaso na amsar yana cikin wata lamba mai alƙaluma goma da ake rubutawa a takardar fiton kaya. Domin a ga yadda lambar ke aiki, mun ɗauki misalin abin hawan da ya fi kowanne ruɗa littafin kwastam, wato hobakiraf, jirgin da ke shawagi a kan matashin iska.

Mene ne hobakiraf?

Abin hawa ne da ba shi da taya, kuma gindinsa ba ya nitsewa cikin ruwa. Wata babbar fanka ce ke tura iska ƙarƙashinsa, wani labulen roba da ya kewaye shi kuma ya tare iskar, sai ya ɗago sama kaɗan ya riƙa sulɓi. Wata fankar a baya ita ke tura shi gaba. Da yake bai taɓa abin da ke ƙarƙashinsa, yana iya wucewa ta kan ruwa mai zurfi, da ruwa iya idon sawu, da taɓo, da rairayi, da ciyawa, ba tare da ya tsaya ba.

Wani injiniya ɗan Ingila, Christopher Cockerell, shi ya ƙirƙiro shi, kuma samfurin farko ya ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila ranar 25 ga Yulin 1959. Har yau akwai mai jigilar fasinja tsakanin gaɓar kudancin Ingila da tsibirin Wight, tafiyar da ba ta wuce minti goma. Yankinmu ma ba baƙo ba ne gare shi. A 1969 wani ayari ya taso da hobakiraf daga Senegal, ya bi kogunan Neja da Binuwai har zuwa Tafkin Chadi. A Saliyo kuma an shafe shekaru ana ɗaukar fasinja da shi tsakanin birnin Freetown da filin jirgin sama na Lungi.

To idan irin wannan abu ya sauka a tashar Apapa ko ta Tin Can a Legas, da wane suna jami'in kwastam zai kira shi?

Littafin da duniya ke fito da shi

Kalmar "fito" a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu: ƙetarar da mutum kogi, da kuma biyan kuɗin da zai ba kaya damar wucewa. A da, ɗan fito kan dubi kaya ya yanka kuɗi da ido. A yau kuwa akwai littafi. Sunansa Tsarin Bai-ɗaya na Lambobin Kaya, wanda ake taƙaitawa da HS. Ƙungiyar Kwastam ta Duniya, mai hedikwata a birnin Burasel na Beljiyam, ita ke kula da shi. Ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1988, ana sabunta shi kusan duk shekara biyar, kuma ƙasashe da yankuna fiye da 200 ke amfani da shi.

Littafin ya kasa kayan duniya zuwa sassa 21, kowane sashe da babi-babi. Kowane kaya yana da lamba mai alƙaluma shida da ba ta canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa: biyun farko babi, biyun tsakiya kan magana, biyun ƙarshe reshe. Ƙasashen ECOWAS sun ƙara alƙaluma huɗu, suka zama goma, sannan suka ɗora wa kowane layi harajinsa a ƙarƙashin Harajin Bai-ɗaya na Kayan Waje, wanda ya fara aiki a 2015.

Harajin na ECOWAS yana da matakai biyar. Kayan buƙatun jama'a na dole ba su biyan komai. Ɗanyun kaya da injinan aiki suna biyan kashi 5 cikin 100. Kayan da aka sarrafa rabi suna biyan kashi 10, kayan da aka gama don amfanin mai saye kashi 20, sai wasu kayayyaki na musamman da ake son kare masana'antun gida daga gogayyarsu, su kuma kashi 35. A kan wannan, Najeriya na ɗora nata ƙarin haraji a kan wasu layuka ta hanyar takardun da Ministan Kuɗi ke fitarwa.

Abin lura a nan shi ne, kwastam ba ta ɗora haraji a kan sunan kaya. A kan lamba take ɗorawa. Wanda ya zaɓi lamba, shi ya zaɓi haraji.

Ƙa'ida ta biyar

Ababan hawa duka suna cikin Sashe na 17. Babi na 86 na jiragen ƙasa ne, na 87 na motoci, na 88 na jiragen sama, na 89 kuma na jiragen ruwa. Hobakiraf yana ɗan kama da kowannensu, don haka aka keɓe masa ƙa'ida tasa, ita ce ta biyar cikin ƙa'idojin da ke farkon sashen. Abin da ta tanada shi ne a haɗa shi da abin hawan da ya fi kusa da shi, bisa la'akari da inda aka ƙera shi don ya bi.

Idan an ƙera shi don bin layin dogo na musamman, jirgin ƙasa ne, ya tafi Babi na 86. Idan an ƙera shi don tafiya a kan ruwa, jirgin ruwa ne, ya tafi Babi na 89, ko da kuwa yana iya hawa gaɓa ya sauke fasinja, ko yana iya bin ƙanƙara. Idan kuwa an ƙera shi don tafiya a tudu, ko a tudu da ruwa duka, to mota ce, ya tafi Babi na 87.

A wannan gaɓa ta ƙarshe ne maganar ta shafi garuruwa irin su Basirka. Amfanin hobakiraf a lokacin ambaliya shi ne ya taso daga busasshiyar ƙasa, ya ratsa gonar da ruwa ya shanye, ya haye titin da ya ɓalle, ya sauka a ƙofar asibiti. Wannan baiwar da ta sa ake sha'awarsa, ita ce kuma ke fitar da shi daga layin jiragen ruwa ta kai shi layin motoci. Mai ɗaukar mutum goma ko fiye, har da direba, zai faɗa lamba 87.02 tare da bas-bas. Wanda bai kai haka ba zai faɗa 87.03, inda motocin alfarma da na shiga suke.

Ko a cikin Babi na 89 ɗin ma akwai rabuwa. Jirgin jigilar fasinja da kaya yana 89.01. Na shaƙatawa da wasanni yana 89.03. Jirgin ceto, muddin ba na tuƙi da filafili ba ne, yana 89.06 tare da jiragen yaƙi. Ke nan abin hawa guda, mai inji guda da labulen roba guda, yana iya samun kansa a layi biyar daban-daban, gwargwadon abin da takardun masana'anta suka ce an ƙera shi domin yi. Littafin ba ya tambayar niyyar mai saye. Ƙira yake dubawa.

Abin da bambancin ke nufi a naira

Ana lissafin haraji ne a kan jimillar kuɗin kaya da na inshora da na dako har zuwa tashar Najeriya. A tsarin da aka daɗe ana bi, bayan ainihin harajin akwai ƙarin kashi 7 na harajin kansa, da kashi 0.5 na ECOWAS, sannan a tattara duka a ɗora harajin VAT na kashi 7.5, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020.

A ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa kayan ya kai naira miliyan 100 a bakin tasha. Idan layinsa na kashi 5 ne, jimillar abin da za a biya za ta kama kusan naira miliyan 13.8. Idan layinsa na kashi 20 ne, kuɗin zai tashi zuwa kimanin miliyan 31. Idan kuwa aka bi da shi yadda ake bi da sabuwar mota, sai a tuna sanarwar da Hukumar Kwastam ta fitar a Afrilun 2022, wadda ta ce sababbin motoci za su biya harajin kashi 20 da ƙarin kashi 20 na bunƙasa masana'antar ƙera motoci, tsofaffi kuma kashi 20 da ƙarin 15. Da wannan lissafi, kuɗin zai haura miliyan 52. Tsakanin layin farko da na ƙarshe akwai ratar kusan naira miliyan 39, a kan kaya guda.

Wannan lissafi bai haɗa da kuɗin ajiya a tasha, da ladan wakilin fito, da dakon tirela daga Legas zuwa Jigawa ba. Haka nan bai haɗa da kuɗin da ake cirewa daga farashin kaya na asali ba, wanda ya daɗe a kashi 1, kafin Dokar Hukumar Kwastam ta 2023 ta tanadi kashi 4, matakin da ya jawo ce-ce-ku-ce da dakatarwa a 2025.

Sai kuma farashin dala. Kwastam na juya kuɗin kaya zuwa naira da farashin da Babban Bankin Najeriya ya bayar. Kafin tsakiyar 2023 ana lissafi da kimanin naira 422 kan kowace dala. Zuwa Fabrairun 2024 farashin ya haura naira 1,500. Ma'ana, ko da harajin bai motsa ba, abin da mai kaya ke biya a naira ya ninka fiye da sau uku cikin watanni takwas.

Zama a layin motoci yana jawo wasu dokoki da ba a yi su don jirgi ba. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin ruwa. Akwai kuma dokar da ta ƙayyade shekarun tsohuwar motar da za a iya shigowa da ita, wadda aka rubuta ta da lambobin 87.03. Duk wanda ke tunanin shigo da ɗan gwanjon hobakiraf ta iyakar Maigatari, dole ya fara samun amsar waɗannan tambayoyi biyu kafin ya biya ko kwabo.

Kwale-kwale a layi ɗaya da jirgin attajirai

Mai karatu na iya cewa hobakiraf abu ne mai nisa da rayuwar mutumin Gwaram. Gaskiya ne. Sai dai ƙa'idar da ta ruɗe a kansa ita ce ke hukunta kayan da ɗan fito ke buƙata a kullum.

Lamba 89.03, wadda ta tattara jiragen shaƙatawa na attajirai, ita ce kuma ta ambaci kwale-kwale da jiragen tuƙi da filafili. A idon littafin, kwale-kwalen roba da za a shigo da shi don ƙetarar da 'yan kasuwa yana ƙarƙashin kan magana ɗaya da jirgin da hamshaƙi ke shan iska da shi a gaɓar Legas. Duk lokacin da gwamnati ta yi shelar ƙara haraji a kan kayan alatu, kamar yadda ta yi a ƙarshen 2016 kan jiragen shaƙatawa da manyan motoci, abin tambaya shi ne ko ƙarin ya tsaya a kan reshen attajirai ne, ko ya shafi maƙwabtansa.

Injin da ake maƙala wa jirgi a baya ba ya cikin babin jiragen ruwa ko kaɗan. Yana Babi na 84, lamba 8407.21. Rigar da ke hana nitsewa kuwa tana can Babi na 63 cikin kayan da aka ɗinka da yadi, lamba 6307.20. Jirgi ɗaya da injinsa da rigunansa, babi uku ke nan, kowanne da harajinsa. Wanda ya tuna hatsarin Bagwai a Jihar Kano a ƙarshen Nuwambar 2021, inda mafi yawan waɗanda suka nitse ɗaliban Islamiyya ne, ya san cewa farashin rigar ceto ba ƙaramar magana ba ce. Gwamnatin da ke wajabta sanya rigar a kan ruwa, ita ce kuma ke da ikon yanke harajinta a tasha.

Ƙofofi biyu da doka ta buɗe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙofa ta farko ita ce neman hukunci tun kafin kaya su taso. A watan Mayun 2024, Hukumar Kwastam a ƙarƙashin shugabanta Bashir Adewale Adeniyi ta ƙaddamar da tsarin da ke ba mai shigo da kaya damar miƙa bayanan ƙirar kayansa, hukumar ta ba shi rubutaccen hukunci kan lambar da za a yi masa fito da ita. Tsarin ya samo tushe daga yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a Janairun 2017. Ga kaya mai fuska biyu irin hobakiraf, wannan takarda ita ce ke raba gardama tun kafin kuɗin ajiya ya fara taruwa a tasha.

Ƙofa ta biyu ita ce takardar yafe haraji da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ke bayarwa ga wasu rukunonin kaya, ciki har da na agaji da gudummawa. Ana neman ta ne kafin kaya su iso, kuma kasancewar mai saye gwamnatin jiha ce ko hukumar agaji bai isa ya sa haraji ya faɗi da kansa ba.

Dukkan ƙofofin biyu suna da amfani, kuma dukkansu ana iya bi ta cikinsu a cuci jama'a. Ɗan kwangila na iya sanya harajin layi mai tsada a takardar farashin da ya ba gwamnati, sannan ya yi fito da layi mai araha, ko ma ya samu yafiya gaba ɗaya, ratar ta zarce aljihunsa. Ana iya kuma yin akasin haka: a shigo da jirgin shaƙatawa da sunan jirgin ceto, baitulmali ya yi asara. Bayyana kaya da lambar ƙarya laifi ne a dokar kwastam, amma ba a kama abin da ba a duba ba.

Shin shi ne ma maganin?

Adalci ne a faɗi rauninsa. Hobakiraf yana shan mai sosai, yana da ƙara, kuma yana wahalar sarrafawa cikin iska mai ƙarfi. Ba ya hawa tudu mai tsayi. Labulen robarsa yana yagewa a kan duwatsu da kututture da ƙaya, kuma sai an yi odarsa daga waje. Matuƙinsa na buƙatar horo na musamman, haka ma makanikensa.

Yanayin ƙasa ma ya bambanta. A arewa maso gabashin jihar, wajen Auyo da Guri da Kiri Kasamma, ruwan Kogin Haɗeja yana malala ne a shimfiɗaɗɗiyar fadama, ya kwanta na makonni, ga kuma ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwa tana harɗe farfelar jirgi. A irin wannan wuri ana iya kafa hujjar gwada abin hawan da ba ya taɓa ruwa. A kudu kuwa, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram tana da duwatsu da gangare, kuma ruwan da ke saukowa ta Kogin Bunga da rafukansa yakan zo ne da gudu, ya ci kwalbati cikin dare, ya wuce. Abin da ya kashe mutum 21 a Radabi ba rashin jirgi ba ne. Gada ce ta karye, mota ta iso ta afka.

Don haka idan ana jera abin da Basirka ke buƙata, gadoji da kwalbatoci masu ɗaukar ruwan damina su ne kan gaba, sai tsarin rufe hanya da sanar da direbobi da zarar ta ɓalle, sai ƙananan jirage masu inji da rigunan ceto a hannun 'yan fito da suka san kogin.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Duk da haka, kowace shekara ana ware kuɗi don kayan yaƙi da ambaliya, a jiha da tarayya, kuma da yawansu daga waje ake shigo da su. A ranar da aka sanar da sayen jirgi, ko injin yashe kogi, ko hobakiraf ɗin kansa, akwai tambayoyi biyar da duk mai bibiyar kuɗin jama'a zai iya yi.

Da wace lamba mai alƙaluma goma aka yi fiton kayan? Nawa aka bayyana a matsayin kuɗinsa a bakin tasha, kuma da wane farashin dala aka yi lissafi? An nemi hukuncin kwastam tun kafin ya taso? An samu takardar yafe haraji, idan kuma an samu, an cire harajin daga kuɗin kwangila? Sannan wa zai tuƙa shi, wa zai gyara shi, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka tanadi mansa da kayan gyaransa?

Amsoshin huɗun farko duk suna rubuce a takardun da ke hannun Hukumar Kwastam da Ma'aikatar Kuɗi da ma'aikatar da ta ba da kwangilar. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman su a rubuce, ta kuma ba hukumar da aka tambaya kwana bakwai ta amsa. Ofishin shiyyar kwastam mai kula da Kano da Jigawa yana cikin birnin Kano, kuma jadawalin harajin kansa ba sirri ba ne, ana samun sa a shafin hukumar na intanet. Lokacin aika waɗannan wasiƙu shi ne rani, sa'ilin da ake rubuta kasafi ana sa hannu a kwangila, tun kafin ruwan Agusta ya sake isa gadar Radabi.